Faɗin Ƙofar Kafinta

Litinin, da hantsi

Magini ya zo. Gajere ne, mai surutu, da fensir a bayan kunne wanda ban ga ya taɓa shi ba. Kafin ya gama zagaya gidan Auta ta raɗa masa suna Kar-a-zubar, don duk abin da ya gani sai ya ɗaga ya ce, "Wannan kar a zubar." Har tsohon murfin tankin ruwa da kaji suka gama ɓatawa.

Na nuna masa abin da nake so. Gidanmu siriri ne, ɗakunan kwana duk a sama suke, ƙasa falo ne da kicin kawai. A baya akwai shagon aikin katako, sai ragowar bangon sito da ya tsaya shi kaɗai tsakanin shagon da kicin. So nake a rufa tsakanin, a yi baranda daga ƙofar kicin zuwa shagon, shagon ya zama ɗakin kwana da banɗaki. Kada a rusa komai.

Ya tambaya ina mai shagon. Na ce Kafinta yana asibiti. Ya ɗauka wani ɗan haya nake nufi, sai da Auta ta ce masa ai babanta ne, haka Mama take kiransa tun kafin a haife ta.

"Allah ya ba shi lafiya. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

Ya tsaya a ƙofar shagon yana shafa ƙyauren. Kafinta ne ya yi shi da hannunsa, siriri, daga guntayen katakon da suka rage masa. Babbar ƙofar da ke fita layin baya an toshe ta tun shekarar da maƙwabci ya ja katanga, wannan kaɗai ta rage.

"Ni Hajiya ba na auna ƙofa da tef," in ji shi. "Tambaya nake yi. Mene ne mafi faɗi da zai wuce ta nan?"

Na ce gado. Ya ce gado ana kwance shi, katifa kuma tana lanƙwasuwa. "Shi maigidan fa, da sanda zai shigo?"

"Da ƙafarsa zai shigo."

Auta ta dube ni. Ni kuma na dubi murfin tanki.

"To ƙofar nan ta isa," in ji shi. "Kar a taɓa ta."

Talata, bayan la'asar

Na je asibiti. Hannunsa na dama yana nan inda na ajiye masa shi jiya. Mai gashin ƙashi ta ɗaga masa ƙafar ta sauke, ta ɗaga ta sauke, tana ta hira da shi kamar yana amsa mata. Da zan tafi ya riƙe min gefen mayafi da hannun hagu. Ya daɗe yana neman kalmar, sannan ta fito fes: "Gida."

A barandar asibiti na tarar da Yaya, wansa. Ya ce ya yi magana da likita, nan da 'yan makonni za a sallame shi, amma ba inda zai je da ke da matakala. Ya ce gidansa a shimfiɗe yake, ƙofofi manya, ga yara masu ɗaga shi. In ɗakina bai kammala ba ranar sallama, can zai wuce da shi.

"Ba ƙwace miki shi zan yi ba, Maman Auta. Amma ba zan bari a ajiye ƙanina a falo kamar kayan aro ba."

Na ce, "Za a gama, Yaya." Gidan Yaya yana can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Na san yadda zuwa na ɗan lokaci yake zama a gidan Yaya. Mahaifiyarsu ma na ɗan lokaci ta je.

Alhamis, da rana

Motar yashi ta juye kayanta a bakin get, daidai tsakiya. Yanzu in zan fita sai na bi ta gefe, a karkace, bayana yana gogar bango. An kwashe kayan shagon an jibge min a falo: zarto iri-iri, guduma, gwangwanayen ƙusa, benci, da wata kujera da bai gama ba. Tsofaffin kwanon rufi da aka sauke an jingina su a tagar falo. Na ce a kai su waje, Kar-a-zubar ya ce ɓarayi. Na ce ɓarawon da zai saci wannan kwanon ai sadaka za a ba shi. Ya yi dariya, bai ɗauke ba.

Da tsakar rana nake kunna fitila.

Asabar, da safe

Mutum shida suka tambaye ni a waya. Da sauƙi, da sauƙi.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo duba aiki. Ya cire takalmi ya tsallake yashin yana salati. Ya ga bangon sito, ya ga bulon da ake kankare wa tsohon siminti ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan wasan yara ne. A kawo mota a kwashe duka, a ja sabon ɗaki a miƙe.

Kar-a-zubar ya ce, "Alhaji, tsohon bango ya gama zama. Sabo sai ya yi shekara yana neman wurin zama, yana tsagewa."

"Ni ba bango na zo jinya ba."

Suka juyo gare ni su biyu. Na ce shagon ba za a rusa shi ba. Yaya ya tambaye ni dalili, na ce haka kawai. Ba zan iya ce masa mutumin da ya farka ya ga rabin jikinsa ba nasa ba ne, kada ya dawo ya ga bayan gidansa ma ba nasa ba ne. In na faɗi haka na faɗi ɗayar maganar ke nan.

Da zai tafi ya ce, "Kin auna komai dai ko?" Na ce magini ya san aikinsa.

Talata, da hantsi

Maginin da ya san aikinsa ya kafa tsohuwar tagar sito a sabon bango, ƙasa a sama. Sai da na nuna masa sakata tana kallon rufi. Ya tsaya ya kalle ta da kyau, ya ce haka ma tana buɗuwa. Na ce ya cire. Rabin yini ya tafi a nan.

Auta ta koma makaranta. Ta so ta ƙara kwana, na kore ta. Gidan ya rage daga ni sai ƙarar guduma.

Laraba, bayan la'asar

Mai gashi ta ja ni gefe. Ta ce bakinsa yana dawowa, in ci gaba da sa shi magana. Ban tambaye ta ƙafar ba, ita ma ba ta ce komai a kai ba. Sai ta shiga wani ɗaki ta turo min abin, a naɗe, tayoyinsa biyu manya a haɗe da juna. Ta ce in tafi da shi gida tun yanzu, in saba da buɗewa da rufewa, in gwada shi a ƙofofi.

Na ce ai na ɗan lokaci ne.

Ta ce, "Ki dai gwada shi a ƙofofi, Mama."

Mai tasi ya ɗaure shi a but. Na jira har ma'aikata suka tashi kafin na shigo da shi ta gefen yashi. Yana ƙarƙashin matakala yanzu, na rufe shi da tsohon labule.

Juma'a, da rana

An ɗora rufin baranda. Tagar kicin da nake ganin sama ta cikinta tun da muka tare, yanzu baranda take kallo. Ina wanke-wanke ina kallon ƙofar shagon, ita ma tana kallona. Hayaƙin girki ba shi da wurin fita sai idona.

Gaba yashi, gefe kwano, baya baranda. Ni na ce a yi, ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Asabar, da yamma

Auta ta kira.

"Mama, kin gaya wa maginin?"

"In gaya masa me?"

Ta bar maganar nan. Sannan ta ce, "Kin ci abinci?" Na ce na ci.

Litinin, da safe

Ruwa tun asuba. Ba wanda ya zo aiki. Yashin ya narke ya shigo har bakin ƙofar falo, get ba ya buɗuwa ko kaɗan. Ban samu zuwa asibiti ba. Yaya ya je, ya kira ya ce kada in damu, matarsa ta kai abinci, ta ma gyara ɗakin da ke kusa da nasa don ko da. Na yi godiya. Na daɗe ina godiya.

Don in samu abin yi na shiga jera kayan Kafinta. A cikin gwangwanin ƙusa na ga tef ɗinsa na awo, wanda lambobin farkonsa suka goge. Shekara nawa mutumin nan yana kirana daga kicin, tukunya a wuta, ya ce, "Zo riƙe min nan." In je in riƙe bakin tef ina mita, ya ja, ya karanta, ya manta, ya sake ja. Na sha ce masa ya ɗauki yaron shago, ya ce yaron shago ba ya mita mai daɗi irin tawa.

Tef ɗin yana hannuna, labulen yana gabana. Awo ɗaya ne, ko minti ba zai ci ba. Na mayar da shi cikin gwangwani na rufe.

Talata

Da sauƙi.

Alhamis, bayan la'asar

Likita ya sa ranar sallama. Alhamis mai zuwa. Yaya zai zo ranar Laraba ya ga ɗakin da idonsa, daga nan a san inda mota za ta nufa.

Kafinta ya ƙara kalmomi. Ya ce "ruwa," ya ce "zafi," ya zagi nas ɗin da ta juya shi da ƙarfi, zagin ya fita daidai, har muka yi dariya ni da ita. Na ba shi labarin baranda da tagar da aka kafa a kife. Ya yi dariya da rabin baki. Na ce ƙofarsa tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Ya daina dariyar ya dube ni. Na tashi na gyara masa filo wanda ba ya buƙatar gyara.

Asabar, da yamma

An gama yaɓe, an yi fenti. Kar-a-zubar ya wanke ƙyauren ya shafa masa mai, ya fito kamar sabo. Ya kira ni in gani, yana ta murna. Ɗakin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Tsohon bencin ya zama teburin gefen gado, murfin tanki ya zama rumfar taga. Har yanzu ƙamshin katako bai bar bangon ba.

Na yaba, na koma kicin na yi kuka, na ce hayaƙi ne. Ba a kunna wuta ba.

Litinin, da hantsi

Zan rubuta yadda ya faru.

Da gari ya waye, kafin ma'aikata su zo kwashe shara, na ɗaga labulen. Keken guragu ne. Na rubuta. Na buɗe shi a tsakiyar falo, ya fi yadda nake zato faɗi. Na zauna a ciki, na ɗora ƙafafuna a kan matakin, na ajiye hannun dama a cinya kamar yadda nasa yake zama. Da hagu na tura, sai zagaye nake yi a wuri ɗaya, dole na sa hannu biyu.

Ƙofar kicin ta bar ni na wuce da ƙyar. Baranda lafiya lau. Na nufi ƙofar shagon, na ce in na daidaita sosai, in na shiga da ƙarfi. Na shiga da ƙarfi. Gwiwoyina suka shiga ɗakin, tayoyin suka cije a jikin katakon ƙofa hagu da dama. Na tura gaba, babu. Na ja baya, babu. Bakin zanena ya naɗe a taya.

Da na so, da na yage zanen na miƙe. Ban miƙe ba. Na zauna ina kallon gadon da aka shimfiɗa, ga shi nan kusa, hannu ba ya kaiwa. Na tuna shi ba zai iya yage komai ya miƙe ba. Ban san tsawon zaman da na yi ba, rana dai ta shigo ta tagar nan da aka gyara.

Sai na ji takun Kar-a-zubar a bayana. Ya tsaya. Ya ajiye jakarsa a hankali.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau."

"Ya jikin maigida?"

Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Na ce, "Ba zai taka ba."

Bai yi min wa'azi ba. Ya durƙusa ya warware zanen, ya ja keken baya, fenti ya kankare a gefe biyu. Ya ciro fensir daga bayan kunne, karo na farko da na ga ya taɓa shi, ya ja layi a bangon dama.

Ya ce sai an fasa taƙi guda. In an fasa, lintar da ke saman ƙofa ba ta da wurin zama, sai an tokare rufi an zuba sabuwa, a jira ta bushe. Mako guda, in an yi sauri. Na ce jibi Yaya zai zo. Ya mayar da fensir bayan kunne ya ce, "Da na sani tun ranar farko, Hajiya." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya ishe ni.

Litinin, bayan la'asar

Na zauna a gefen gadonsa na ce, "Kafinta, ƙofarka ta yi kaɗan."

Ya dubi keken asibiti da ke jingine a bango, ya dube ni. "Na sani," in ji shi. Ashe duk makonnin nan ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa yake gani, har shi.

Na gaya masa sauran, layin fensir da linta da mako guda da ɗakin da matar Yaya ta gyara. Ya rufe ido, na ɗauka gajiya ce. Sai ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa yatsa.

"Ba dama ba. Hagu."

Na ce magini ya ce dama, don ƙyauren ta hagu yake rataye.

"Hagu. Rodi... dogo." Ya yi ta fama da harshen, gumi ya keto masa. "Ban yanke ba."

Sai da ya maimaita na gane. Lokacin da ya zuba lintar, rodin da ya samu ya fi ƙofar tsawo, shi kuma ya ƙi yanke shi don kada guntun ya tafi a banza. Ya bar shi ya zarce cikin bangon hagu, ya zuba siminti a kai, ya shafe. Na ce masa shi da maginin nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ya yi dariyar rabin bakin, ya riƙe min mayafi.

Talata, da rana

Kar-a-zubar bai yarda ba sai da ya kankare yaɓen hagu. Lintar tana nan, ta zarce fiye da taƙi. Ya tsaya yana kallonta yana girgiza kai, ya ce yana son ya ga mutumin nan.

An sauke ƙyauren, an fasa. Ban fita daga kicin ba, ta taga na kalla. Bulon da aka cire ya jera su a gefe. Ban tambaye shi me zai yi da su ba.

Laraba, da yamma

Yaya ya zo. Na turo keken da kaina daga falo, a gabansa, ban rufe shi da komai ba. Ya karɓa ya tura ta kicin, ta baranda, ta ƙofar, ya dawo, ya sake turawa. Ya dubi ɗanyen siminti, ya dubi ƙyauren da aka mayar, wanda yanzu bai kai bakin ƙofar ba, ya bar giɓi a gefe da hannu zai shige.

"Wannan fa?"

Kar-a-zubar ya ce yana da katakon da zai ƙara, gobe da sassafe.

Yaya ya jingine keken a bango. Sannan ya ce a kwashe yashin bakin get, mota ba za ta iya shigowa ba.

Juma'a, da hantsi

Jiya Kafinta ya dawo. Ba a ƙara katakon ba, Kar-a-zubar ya makara kamar yadda ya saba, motar asibiti ta riga shi. Da aka turo Kafinta bakin ƙofar ya sa hannu ya tsayar da taya. Ya shafa ƙyauren, ya zura yatsu cikin giɓin. Magini ya matso da katakonsa yana ba da haƙuri.

"Bar min," in ji Kafinta.

Magini ya dube ni, Yaya ya dube ni. Hannu ɗaya gare shi, kuma ba shi ne hannun zarto ba. Wataƙila ƙofar nan ta shekara a haka, wataƙila ta fi. Na ce a bar masa.

Iska tana shiga ta giɓin, sauro ma. Amma daga tagar kicin ta nan nake hango shi, gefen fuskarsa da hannun da ke motsi. Ɗazu ina tsaka da girki na ga ya turo kansa bakin ƙofa, a karkace, yana karo da bango. Gwangwanin ƙusa yana kan cinyarsa, ya ciro tef ɗin yana ƙoƙarin jan bakinsa da haƙori. Tef ɗin ya faɗi ƙasa. Na tsaya ban motsa ba, na ga ya daɗe yana kallonsa a inda ba zai iya kaiwa ba.

Sannan ya ɗago ya nemi tagar.

"Zo," in ji shi. "Riƙe min nan."

Na ce masa tukunya tana wuta, mutum ba zai bari a yi girki cikin kwanciyar hankali ba. Na bar ta a wutar na je.